Horon natsuwa da sanin kai yana gyara shugaba kuwa, ko yayin kamfanoni ne kawai?

Tambaya: An ƙara mini girma, yanzu ni ke shugabantar wani sashe a wurin aikinmu. Kamfani ya kawo masu horarwa suna koya mana zaman natsuwa, a rufe ido a bi numfashi, wai yana mai da mutum shugaba nagari. Ina ibadata daidai gwargwado, amma na lura tun da na hau kujerar nan fushina ya ƙaru, kuma in ana taro mutanena ba sa magana sai na kira suna. Abin nan yana da tushe kuwa? Mai sallah da zikiri yana bukatarsa? Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya taya ka riƙo. Tambayoyi uku ka yi, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ka ambata a wucewa, wato shirun mutanenka a wurin taro. A nan ciwon yake. Sai dai bari in fara da tambayar farko, tunda ita ce mai sauƙi.

Abin yana da tushe, amma tushen bai kai girman tallan da ake yi masa ba. Horon da aka kawo muku, a sigarsa ta yau, ya faro ne daga cibiyar lafiya ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka. A can ne wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe shiri a 1979 domin marasa lafiyar da ciwonsu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya ɗauko dabarun zaman tattara hankali daga mabiya addinin Buddha, ya raba su da ibada, ya mai da su darasin mako takwas: kusan sa'a biyu da rabi a aji kowane mako, da atisayen minti 45 kullum a gida. Daga asibiti abin ya ƙetara ofis. A 2007 wani injiniyan Google, Chade-Meng Tan, ya soma koyar da irinsa ga abokan aikinsa, daga nan manyan kamfanoni suka shiga rububi. Ka dubi nauyin shirin na asali, ka kwatanta shi da na wuni guda da ake yi a ɗakin taro a raba takardar shaida, za ka san abin da ya kamata ka sa rai da shi.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da aka yi kan mutum 3,515 suka tace su. Sun samu cewa irin wannan zama yana rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin jiki, ragi kaɗan zuwa tsaka-tsaki, amma ba su ga hujjar cewa ya fi motsa jiki ko magani aiki ba. A fagen aiki kuwa labarin ya fi sanyaya gwiwa. A 2024 wani mai bincike a Jami'ar Oxford, William Fleming, ya duba amsoshin ma'aikata sama da 46,000 a ma'aikatu 233 na Birtaniya, ya tarar waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye ba su fi waɗanda ba su shiga ba walwala. Bincikensa bai bi mutanen tsawon lokaci ya ga yadda suka sauya ba, don haka ba zai yanke hukunci shi kaɗai ba. Amma ya zo daidai da abin da nake gani a aikin horar da shugabanni: wanda ya ci gaba da atisaye da kansa yana ƙaruwa, wanda ya tsaya a kan darasin da aka yi masa kuwa, kafin wata ya zagayo ya koma gidan jiya.

Abin da ake horarwa a zaman nan ɗan ƙarami ne. Ka sa hankalinka kan numfashi, ya zille ya tafi wani wuri, ka farga ya tafi, ka dawo da shi. Mutane da yawa suna zaton sun kasa domin hankalin ya ƙi tsayawa, alhali fargawar nan ita ce atisayen baki ɗaya. Hankalin kowa yawo yake yi. A 2010 wasu masana biyu a Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban na yini, suka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi. Yanzu ka ɗora wannan a kan shugaban da ma'aikacinsa ke yi wa bayani.

Amfanin fargawa yana fitowa ne a wuri irin wannan. Ƙarfe huɗu na yamma, oganka ya turo saƙo mai zafi yana neman rahoton da aka yi masa alkawari. Kana cikin karantawa sai ga ma'aikacinka ya shigo da rahoton, idonka ya faɗa kan lissafin da bai daidaita ba a shafi na biyu. Tun kafin ka ce uffan jikinka ya riga ya amsa: ƙirji ya ɗaure, ka cije haƙora, numfashi ya gajarce. Tsakanin wannan da kalmar da za ta fito daga bakinka akwai 'yan daƙiƙu. Wanda bai saba lura ba bai ma san da su ba, sai dai ya ji muryarsa tana cewa, "Kai wai me ke damunka ne?" Wanda ya saba yana iya cewa a ransa, fushi ne ya taso, kuma rabinsa na saƙon oga ne. Sai ya ce, "Ajiye nan, ka dawo bayan minti goma mu duba shafi na biyu tare." Kuskuren yana nan, gyara yana nan, ba a sassauta komai ba. Abin da ya bambanta shi ne gobe yaron zai sake shigowa ofishinka da ƙafarsa.

Ambaton sunan abin da kake ji ba wasan yara ba ne. A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles sun nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro yayin da ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Idan mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da yanayin fuskar, sai aikin amigdala, wato ɗan yankin ƙwaƙwalwa mai faɗakar da haɗari, ya ragu. Kai kuma ka san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa kada alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu alhali yana cikin fushi. Shugaban sashe alƙali ne sau da yawa a yini: wa ya yi daidai, wa ya yi sakaci, wa za a ba hutu, wa za a rubuta wa takardar gargaɗi.

To, me ya sa fushinka ya ƙaru bayan ƙarin girma? Wani ɓangare nauyi ne, domin yanzu kana tsakiya, ana matsa maka daga sama ana jiran ka daga ƙasa. Ɗaya ɓangaren ya fi wuyar haɗiya. Muƙami yana rage wa mutum bukatar karanta fuskokin mutane. Lokacin da kake ƙasa dole ka san yanayin da oga ya shigo da shi, domin abincinka na hannunsa. Yanzu da ka hau, wasu ne ke karanta taka fuskar. Akwai wani ɗan gwaji da Adam Galinsky da abokansa suka wallafa a 2006. An sa wasu ɗalibai su tuna lokacin da suke da iko a kan wani, wasu kuma lokacin da wani ke da iko a kansu, sannan aka ce kowa ya rubuta harafin E a goshinsa. Waɗanda aka tuna wa iko sun fi sauran, kusan ninki uku, rubuta shi ta yadda su ne za su iya karantawa daga ciki, mai kallonsu kuwa ya gan shi a juye. Ƙaramin gwaji ne, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, amma duk wanda ya yi aiki ƙarƙashin wani ya san abin da yake nunawa.

Ga kuma abin da ke biyo baya. A da in ka yi wa abokin aiki tsawa, zai mayar maka ko ya ɗaure fuska, ka san ka yi ba daidai ba. Yanzu in ka yi, sai a ce "To, yallaɓai," a fita. Labarin laifinka ya daina dawowa gare ka, sai ka ɗauka babu laifin. Shirun da kake gani a taro lissafi ne da mutanenka suka yi: magana tana da tsada, shiru kyauta ne. Wataƙila sau ɗaya ka katse wani a gaban jama'a, ko ka yi tsaki kan wata shawara, kai ka manta, su ba su manta ba.

Wannan ne iyakar zaman rufe ido. Yana nuna maka abin da ke gudana a cikinka, amma ba zai nuna maka yadda kake sauka a kan mutane ba. Masaniyar halayyar ma'aikata Tasha Eurich ta raba sanin kai gida biyu: sanin abin da kake ji da abin da kake so, da kuma sanin yadda wasu ke ganin ka. Bincikenta ya nuna ɗaya ba ya haifar da ɗaya, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane suna jin sun san kansu, alhali waɗanda suka cika ma'aunin ba su wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sanin yadda wasu ke ganin ka kuwa ba a samun sa sai daga bakin mutane.

Tambayar kuma tana da ladabinta. Kada ka tashi a taro ka ce, "Akwai mai ƙorafi a kaina?" Babu wanda zai ɗaga hannu, kai kuma ka tafi da takardar wanke kai ta ƙarya. Ka zaɓi mutum biyu ko uku waɗanda ka san suna son ka da alheri kuma ba sa tsoron ka sosai, ka gana da kowa shi kaɗai. Ka yi tambaya ƙarama mai iyaka: "Wane abu guda nake yi a taro da ke sa mutum ya fasa faɗin abin da ke ransa?" Sannan ka yi shiru, shiru mai tsawo, har ya gama inda-inda ya faɗa. A daidai nan atisayen numfashi zai yi maka rana, domin ƙirjinka zai ɗaure, bakinka zai so ya ce, "Ai abin da ya sa na yi haka..." Haɗiye shi. Ka ce na gode, ka tambayi misali, ka tashi. Bayan haka ka gyara abu ɗaya a fili yadda kowa zai gani. Ka kuma sani duk sashen yana kallon abin da zai sami mutumin da ya fara gaya maka gaskiya. In ya ga sauyin fuska ko aka manta da shi a rabon aiki mai maiƙo, ka rufe ƙofar nan ke nan na shekaru.

A taron kansa, ka riƙa zama na ƙarshen bayyana ra'ayi. Da zarar shugaba ya faɗi nasa, abin da ya rage amin ne. In an kawo maka mummunan labari, jimlarka ta farko ta zama tambaya game da matsalar, batun wa ya jawo ya biyo baya. Amy Edmondson ta Harvard, a binciken da ta yi a asibitoci cikin shekarun 1990, ta yi mamakin ganin rukunin ma'aikatan jinya masu kyakkyawan shugabanci sun fi sauran yawan rahoton kurakuran magani. Da aka bibiya sai aka ga alamar cewa su ne ba sa tsoron faɗa, sauran kuwa binnewa suke yi. Sashen da babu mai kawo maka kuskure, ka ji tsoronsa.

Yanzu batun ibada. Mai sallah biyar yana da abin da masu horarwa ke wahalar ginawa mutane: tsayawa a ƙayyadaddun lokuta, a bar duk abin da ake yi, a fuskanci abu guda. Halartar zuciya a sallah da zikiri yaƙi ɗaya ne da zillewar hankali, kuma kowa ya san yadda ake kabbara a tsinci kai a raka'a ta uku ana lissafin kasafin sashe. Bincikar kai ma tsohon darasi ne. An ruwaito daga Sayyadina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsara abin daki-daki: da safe mutum ya gindaya wa ransa sharaɗi, da rana ya sa masa ido, da dare ya zauna ya yi masa lissafi, in ya samu gibi ya tsawata masa ya kuma biya. Kiristoci suna da makamancinsa a bitar yini da Ignatius na Loyola ya koyar a ƙarni na 16. Saboda haka ba na ce maka kana bukatar sabon abu ba. Kana bukatar ka shigo da wanda kake da shi cikin ofis, domin mutane da yawa suna ajiye shi a bakin ƙofa, su yi azkar da asuba, ƙarfe goma su ci mutuncin masinja.

Darasin kamfanin kuwa, in lura da numfashi da jiki ne kawai, atisayen hankali ne, ka ɗauki abin da zai amfane ka. In mai horarwa ya shigo da wasu lafuzza ko aƙidar da zuciyarka ba ta kwanta da su ba, kana da damar janyewa cikin ladabi, ka kuma kai wa malaminka ainihin abin da aka ce ku yi, ba sunan shirin kawai ba.

Akwai wani wuri da ibada ta fi wannan horo nisa, kuma shi ya fi damuna game da yadda ake sayar da shi ga shugabanni. Natsuwa ita kaɗai ba ta da alƙibla. Mai zalunci ma yana iya zama natsattse. A 2022 Andrew Hafenbrack na Jami'ar Washington da abokansa sun wallafa jerin gwaje-gwajen da suka nuna cewa zaman bin numfashi yana rage jin nauyin laifi, kuma waɗanda suka yi shi bayan an tuna musu wanda suka cuta sun nuna ƙarancin niyyar gyara ɓarnar. Zaman da ake karkata zuciya ga fatan alheri ga wasu bai haifar da hakan ba. Ka ga hatsarin: shugaba ya yi wa ma'aikaciyarsa wulaƙanci da safe, zuciyarsa ta dame shi, ya rufe ofis ya ja numfashi minti goma, ya ji wasai, ya ci gaba da aiki. Ita kuwa tana nan da abin a ranta. Damuwar da ya kora ita ce za ta kai shi teburinta ya ce, "Abin da na faɗa ɗazu bai dace ba, ki yi haƙuri." Wannan cuta tana kama mai ibada ma, in ya yi istigfari tsakaninsa da Ubangijinsa ya manta haƙƙin bawa sai bawa ya yafe.

Shi ya sa ba na auna ci gaban ruhin shugaba da yadda yake ji a ransa, ko tsawon zamansa a kan darduma. Ina duba wasu wurare marasa armashi. In aiki ya yi kyau, sunan wa yake kai wa sama? In ya lalace, wa yake turawa gaba? Ya taɓa ba da shawarar a ƙara wa wanda ke yawan saɓa masa girma, saboda ya cancanta? Haƙƙin ƙananan ma'aikata, kuɗin ƙarin lokaci da hutun da suka tara, yana bin sa da zafin da yake bin nasa alawus? Ana kuma samun riya a nan, har da sabon salonta, shugaban da ke son a san shi da sanyin murya da maganar hikima alhali mutanensa na ƙonewa da aiki. Sannan kada ka mai da kujerarka mumbari. A ƙarƙashinka akwai mai addininka da wanda ba shi ba, kuma duk abin da shugaba ya "ba da shawara" umarni ne a kunnen na ƙasa.

Ta inda za ka fara, kada ka ɗauko da yawa. Minti biyar zuwa goma a rana na zama shiru ya isa, ka jingina shi da abin da ka riga ka saba, kamar bayan sallar asuba ko kafin ka buɗe kwamfuta. Kafin kowane taro ka ba kanka minti ɗaya, ka tambayi kanka da wane hali za ka shiga, kuma daga ina ka kwaso shi. Ka kafa wa kanka doka guda a kan fushi: saƙon da aka rubuta cikin zafin rai ba ya fita sai an sake karanta shi bayan sa'a guda. Da dare ka ɗauki littafi ka rubuta layi uku ko huɗu. A nan ka kiyayi tambayar "me ya sa nake haka?", domin takan kai mutum ga ƙirƙiro dalilai ko ga tsinuwar kai marar amfani. Ka tambayi abin da ya faru, wa ya shafa, me za ka yi gobe. In amsar ta ƙunshi sunan mutum, gobe ka neme shi. Bayan wata biyu ko uku ka koma wa mutanen nan da ka tambaya, ka ji ko sun ga bambanci, domin ma'auninsu ya fi naka.

In zaman shiru ya riƙa taso maka da firgici ko tsofaffin abubuwa masu ciwo, wanda yakan faru ga wasu, musamman waɗanda suka taɓa shiga mummunan tashin hankali, ka dakata ka ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara. Haka nan in fushin ya zo tare da rashin barci da gajiyar da hutu ba ya kawar da ita.

Game da mutanenka, kada ka tilasta wa kowa zaman nan, kuma kada ka yarda a yi amfani da shi a rufe bakin masu ƙorafi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ma'aikaci, wato matsananciyar gajiyar da aiki ke jawowa, a matsayin abin da ke fitowa daga matsin aiki mai ɗorewa da ba a shawo kansa ba, da alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, ficewar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Tushen yana cikin tsarin aikin. In mutum uku ke ɗauke da aikin mutum shida, ko ana kiran su a waya ƙarfe goma sha ɗaya na dare, numfashi ba zai gyara wannan ba. Jadawalin aiki da lokacin kira suna hannunka, ka fara gyara su a makon nan, batun ƙarin ma'aikata kuma ka rubuta shi da alƙaluma ka kai wa na sama da kai.